Hodar iblis, bindiga da jabun kuɗi a mota ɗaya: daga ina alƙali ke fara lissafin shekaru?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga mas'ala ga masana shari'a da ke cikinmu. A ƙaddara an tare mota an bincika, aka samu hodar iblis kilo ɗaya a ƙarƙashin kujera, ƙaramar bindiga da harsashi a cikinta, da damin takardun kuɗi na jabu. Direban ya ce biyansa aka yi ya kai kayan, kuma bai taɓa shiga hannun hukuma ba. Kotu ta same shi da laifi a tuhuma uku. To daga ina alƙali zai fara? Mutane lamba kawai suke ji a labarai, wannan shekara 5, wancan shekara 25, laifi kusan iri ɗaya, sai a ce son rai ne. Ina so a warware mana matakan ɗaya bayan ɗaya, a kuma nuna inda ake tafka kuskure.

Barista Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malam. Alƙali da doka yake farawa kafin ya dubi mutumin. Kowace tuhuma yana ɗaukarta ita kaɗai ya tambayi abu biyu: mene ne iyakar sama da doka ta yarda a yanke, kuma akwai iyakar ƙasa da aka hana shi sauka ƙasa da ita? Dokar da zai buɗe ita ce wadda ke aiki ranar da aka aikata laifin. Idan an ƙara tsananta hukunci daga baya, ba a ɗora wa wanda ya riga ya yi laifinsa. Wannan yana cikin sashe na 15 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin farar hula da siyasa ta 1966, yana kuma cikin sashe na 36(8) na tsarin mulkin Najeriya. Ba ƙa'idar ado ba ce. A 1985 an harbe mutum uku a Legas kan safarar miyagun ƙwayoyi da wata dokar soja da aka mayar da aikinta baya, har yau kuma ana kawo wannan a matsayin misalin abin da bai kamata ya faru ba.

Bayan haka sai auna laifin kansa, da ma'auni biyu: girman ɓarna, da matsayin mutumin a cikin harkar. Tsarin Ingila ya fi fito da wannan fili, shi ya sa zan yi misali da shi. A hodar iblis da hiroyin, jagoran yanke hukuncinsu ya kasa ɓarna gida huɗu bisa nauyi: kilo 5, kilo 1, giram 150, giram 5. Matsayi kuma gida uku: uban tafiya, mai babban hannu, da ƙaramin ɗan aike. Kilo ɗaya yana gida na biyu. Idan uban tafiya ne, lissafi yana farawa daga shekara 11. Mai babban hannu, shekara 8. Ƙaramin ɗan aike, shekara 5. Kaya ɗaya, nauyi ɗaya, amma tazarar shekara 6 tsakanin na sama da na ƙasa.

Daga wannan mafari ne ake hawa ko a sauka. Tsohon laifi, sayarwa kusa da makaranta, sa yara cikin harkar, yin laifin alhali ana kan beli, duk suna ɗaga lamba. Rashin tsohon laifi, ƙuruciya, rashin lafiya mai tsanani, ko kasancewar shi kaɗai ke riƙe da ƙananan yara, suna sauke ta. Sai ragin amsa laifi, sai haɗa tuhume-tuhumen wuri ɗaya, sai a cire kwanakin da ya yi a tsare yana jiran shari'a. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya cire ragin amsa laifi kafin ya gama hawa da sauka zai fito da lamba daban.

Dakta Zainab:
Barista, kafin a kai ga teburin nan naka, sai an tabbatar kilo ɗayan kilo ɗaya ne, kuma hodar iblis ce. Nan ne shari'o'i da yawa ke lalacewa.

Gwajin da jami'i ke yi a wurin kame, wanda ruwan magani ke sauya launi, alama ce kawai. Akwai abubuwan da ba haramtattu ba da ke iya ba da launi makamancin haka. Abin da kotu za ta dogara da shi shi ne rahoton ɗakin gwaji, inda na'ura ke rarrabe sinadaran ta faɗi kowanne da sunansa. Sannan nauyi iri biyu ne: nauyi da leda da salatif da duk abin da aka naɗe kayan da shi, da nauyin kayan tsantsa. Idan doka ta ja layi a giram 500, aka auna da marufi aka samu 510, aka cire marufi ya koma 480, to shekarun mutum ne ke rataye a wannan giram 30. Tabar wiwi kuma tana rage nauyi idan ta bushe, don haka wanda aka auna ɗanya ranar kame ba zai yi daidai da na ranar gwaji ba, dole rahoto ya bayyana dalilin bambancin.

Sai zancen tsantsar kayan. Hodar da ke yawo a kan titi gaurayayya ce, ana cakuɗa ta da wasu garuka don ta yi auki. Ƙasashe sun rabu a nan. Dokar tarayyar Amurka tana auna cakuɗen gaba ɗaya a yawancin ƙwayoyi. A shari'ar Chapman ta 1991 kotun ƙolinsu ta ce har takardar da ake ɗiga maganin mayen nan LSD a kanta tana shiga nauyi, alhali takardar ta ninka maganin nauyi nesa ba kusa ba. Singafo kuwa, a hiroyin, tsantsar sinadarin take aunawa, layin hukuncin kisa kuma shi ne abin da ya haura giram 15.

Abu na ƙarshe shi ne hannun da kayan suka bi. A auna a gaban wanda ake zargi, a rufe a buga hatimi, ya sa hannu, a rubuta wa ya karɓa daga wa, a wace rana. Idan lambar da ke jikin ambulan ɗin da ya isa ɗakin gwaji ta saɓa da wadda aka rubuta ranar kame, lauya mai kariya ya samu ƙofa, kuma yana da gaskiya ya shiga ta.

Alhaji Tukur:
Na karanta duka, kuma ban ƙi lissafin ba. Amma kalmar nan "ƙaramin ɗan aike" tana damuna. Kowa aka kama ɗan aike ne. Ba a taɓa kama wanda ya ce shi ne mai kayan ba. Kuma harkar nan ba ta tafiya sai da masu dako. Mai kilo ɗari yana zaune a gida, wanda ya ɗauko ya kawo shi ne ya isar da gubar ga 'ya'yan mutane.

Ni ina goyon bayan iyakar ƙasa ta dole, kuma dalilina biyu ne. Na farko daidaito: mutum biyu masu laifi ɗaya kada ɗaya ya tafi da shekara 2 ɗaya da 12 saboda kawai sun faɗa hannun alƙalai daban. Na biyu kare alƙalin kansa. Masu wannan sana'a suna da kuɗi, suna da masu tsoratarwa. Alƙalin da doka ta ɗaure wa hannu yana iya cewa ba ni da yadda zan yi, kuma wannan garkuwa ce gare shi. Idan ka buɗe masa ƙofar sassauci, ka buɗe ƙofar da za a riƙa ƙwanƙwasa masa cikin dare.

Barista Rabi:
Alhaji, ranka ya daɗe, dalilinka na biyu mai ƙarfi ne, ba zan raina shi ba. Amma ikon zaɓi ba ya ɓacewa idan an ƙwace shi daga alƙali, komawa yake yi hannun mai gabatar da ƙara. Shi ne ke zaɓar sashen da zai tuhumi mutum da shi, shi ne ke yanke ko zai saka tuhumar bindiga ko ya bar ta, shi ne ke rubuta nauyin da zai shiga takardar tuhuma. Alƙali yana yanke hukunci a bainar jama'a, yana rubuta dalili, ana ɗaukaka ƙara a kansa. Mai gabatar da ƙara a ofis yake nasa zaɓin, babu mai ɗaukaka ƙara a kan tuhumar da bai shigar ba. Don haka ƙwanƙwasar daren da kake tsoro ba ta daina ba, ƙofa ta sauya.

Kuma dubi wanda ke cin moriyar hanyar fita. A Amurka babbar hanyar sauka ƙasa da iyakar dole ita ce taimaka wa hukuma da bayanai, kuma mai gabatar da ƙara ne ke neman hakan a kotu. Wa ke da bayanan sayarwa? Wanda ya san masu kawo kaya, ya san inda kuɗi ke kwana. Direban da aka ba lambar waya ɗaya da sunan bogi ba shi da abin bayarwa. Singafo ma haka: gyaran da suka yi a 2012 ya ba alƙali damar yanke ɗaurin rai da rai maimakon kisa ga wanda aka tabbatar ɗan dako ne, amma a hanya mafi yawa sai mai gabatar da ƙara ya ba da takardar shaidar cewa ya taimaka sosai.

Zancen kowa ɗan aike ne kuwa, ba da baki ake karɓarsa ba. Ana duba saƙonnin waya: shi ke ba da umarni ko shi ake ba? Nawa aka biya shi idan aka kwatanta da darajar kayan? Yana da kaso a riba ko ladan tafiya ɗaya ne? An samu sikeli, ƙananan ledoji, littafin bashin masu saye a gidansa? Asusunsa na banki ya yi daidai da sana'ar da yake iƙirari? Wanda aka samu da waya uku da jerin sunayen waɗanda yake bi bashi ba zai ce shi ɗan aike ba ne kotu ta yarda.

Kabiru:
Barista Rabi, don Allah a Najeriya yaya abin yake? Ina ganin dokar ta ce rai da rai, amma a labarai sai ka ji shekaru kaɗan, wani lokaci har da zaɓin tara.

Barista Rabi:
Kabiru, ka taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Sashe na 11 na dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar iblis, hiroyin da makamantansu, da mai sarrafawa, da mai safara, da mai sayarwa. Amma kotuna suna karanta irin wannan lafazi a matsayin iyakar sama, wato alƙali na iya yanke ƙasa da haka. Ga mai mallaka ko mai sha kuwa, dokar ta ce ɗauri ba ƙasa da shekara 15 ba kuma ba sama da 25 ba. Ka ga abin da ya fito: a rubuce, ɗan shaye-shaye yana da iyakar ƙasa, dillali ba shi da ita. Kuma sashen bai raba giram 2 da kilo 200 ba. Babu matakan nauyi, babu matakan matsayi. Wannan giɓin ne ke haifar da hukunce-hukuncen da ke saɓa wa juna a Babbar Kotun Tarayya, domin ita ke da hurumin waɗannan shari'o'i.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗan cike wani ɓangare. Sashe na 416 ya ce kada a yanke mafi girman hukunci ga wanda wannan ne laifinsa na farko, kuma a lissafa zaman da ya yi a tsare. Sashe na 270 ya tsara yarjejeniyar amsa laifi. Sashe na 460 ya ba da damar dakatar da ɗauri ko sa aikin al'umma, amma ban da laifin da aka yi da makami, ban da wanda hukuncinsa ya wuce shekara 3. Don haka direban Malam Habibu ba ya cikin masu wannan rangwame.

Zaɓin tara ga mai safara kuwa, a nan ina tare da Alhaji ɗari bisa ɗari. Tara a wajen mai kilo-kilo kuɗin shiga kasuwa ce, uban gidansa zai biya kafin la'asar. Talakan da aka kama da ƙulli biyu shi ne zai kasa biya ya zauna.

Barista Nasiru:
Bari mu koma kan bindigar, don ita ce za ta sauya lissafin direban nan fiye da komai.

A Ingila mallakar haramtacciyar bindiga, kuma ƙaramar bindiga tana ciki, tana da iyakar ƙasa ta shekara 5 ga wanda ya kai 18, shekara 3 ga ɗan 16 ko 17, tun daga 2004. Alƙali ba ya sauka ƙasa sai idan akwai yanayi na musamman ƙwarai. Amsa laifi ma ba ya kai mutum ƙasa da wannan layi. To mu lissafa. Hodar: shekara 5, wato wata 60. Ya amsa laifi tun zaman farko, an cire kashi ɗaya cikin uku, saura wata 40. Da ya jira sai ranar fara sauraron shaidu, kashi ɗaya cikin goma kawai zai samu. Bindigar: wata 60, babu ragi. Irin waɗannan biyun yawanci ana jera su ne ɗaya bayan ɗaya, don ɓarnarsu daban ce, sai ya zama wata 100, shekara 8 da wata 4. Daga nan alƙali zai ja baya ya dubi jimlar, ya tambayi kansa ko ta dace da laifin gaba ɗaya. Idan zai rage, daga ɓangaren hodar zai rage.

A tarayyar Amurka kilo ɗaya ya haura layin giram 500, don haka iyakar ƙasa shekara 5 ce. Riƙe bindiga don taimaka wa safarar ƙwaya yana ƙara shekara 5 da dole sai an jera ta bayan waccan. Idan ya nuna ta don tsoratarwa 7, idan ya harba 10. Akwai wata ƙofa da ke ba ƙaramin mai laifi damar kauce wa iyakar ƙwaya, amma ɗaya daga sharuɗɗanta shi ne babu bindiga a harkar. Wato bindigar ta ƙara shekara 5, ta kuma rufe ƙofar da zai bi ya rage 5 ɗin farko.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙirga bindiga sau biyu: a ɗaga hukuncin ƙwaya saboda akwai makami, sannan a sake yanke cikakken hukunci a tuhumar makamin a jera. Ɗaya za a zaɓa. Wannan yana cikin dalilan da ke sa kotun ɗaukaka ƙara ta taɓa hukunci.

Alhaji Tukur:
To a kan bindiga ba na ja da baya ko taku ɗaya. Ƙwaya za ka iya cewa mai sha ya kai kansa. Harsashi ba ya tambayar wanda ya samu. Mutumin da ya ɗora bindiga ɗananniya a kan kilo na hodar iblis ya riga ya yanke shawarar abin da zai yi idan aka tare shi. Shekara 5 ba ta yi masa yawa ba.

Inda na yarda da ku shi ne auna mutum da sikeli kaɗai. Abin da Amurka ta yi a 1986 ya isa darasi: giram 5 na dunƙulen hodar da ake kira kirak ya jawo shekara 5, daidai da giram 500 na garin, alhali asalin sinadarin ɗaya ne. Ƙananan masu sayarwa a unguwannin baƙaƙen fata suka cika gidajen yari, manyan masu shigo da garin suna samun ƙasa da haka. Sai 2010 aka ɗaga layin zuwa giram 28. Wannan zalunci ne, ban musa ba. Amma gyaransa shi ne a ja layin daidai, ba a goge layin ba.

Barista Rabi:
A direban nan, Alhaji, ni ma ba zan yi jayayya da shekara 5 ba. Matsalar iyakar dole ba ta bayyana a shari'ar da aka rubuta dokar dominta, a gefe take bayyana. Magajin da ya tarar da tsohuwar bindigar mahaifinsa a akwati bai kai wa hukuma ba. Matar da miji ya ɓoye makami a ɗakinta ta sani amma tana tsoron magana. Mai lasisin da ya ajiye bindigarsa a wurin da lasisin bai ambata ba. Irin wannan misali na ƙarshe ne ya sa kotun ƙolin Kanada a shari'ar Nur ta 2015 ta soke iyakar shekara 3 ta mallakar bindiga ɗananniya, duk da cewa ta bar wa shi Nur ɗin hukuncinsa. Abin da ta ce shi ne dokar ta yi faɗin da za ta kama wanda bai cancanta ba.

Jera hukunci ba tare da duban jimla ba shi ma yana kai wa ga abin da hankali ba ya ɗauka. A 2004 wata kotun tarayya a jihar Yuta ta yanke wa Weldon Angelos shekara 55 a tuhumar bindiga uku da ke haɗe da sayar da tabar wiwi, 5 da 25 da 25, bai harbi kowa ba. Alƙalin da ya yanke hukuncin da kansa ya rubuta cewa bai dace ba amma doka ta tilasta shi. An sake shi a 2016, kuma dokar 2018 ta hana irin wannan tarawa a shari'a ɗaya ga wanda ba a taɓa yanke masa hukuncin ba.

Ni abin da nake so a ko'ina shi ne tambayoyi huɗun da kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta shimfiɗa a shari'ar Avis: wace irin bindiga ce, me aka yi da ita, da wace niyya aka riƙe ta, kuma mene ne tarihin mai ita. Bindigar toka ta mafarauci da bindiga mai sarrafa kanta ba abu ɗaya ba ne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ma ta raba su gida uku, da hukumar da ke ba da lasisin kowanne.

Dakta Zainab:
Tambaya ta farkon nan rahoton masanin makamai ne ke amsa ta, kuma sau da yawa ana kawo bindiga kotu babu shi. Rahoton ya kamata ya faɗi ko tana harbi, don ana gwada ta a harba. Idan ba ta harbi, me ya lalace, kuma gyaran na minti biyar ne ko ya gagara? Harsasan da aka samu nata ne, kuma masu rai ne? An kankare lambarta? An sauya ta daga ta wasa ko ta ƙararrawa zuwa mai kisa? Sannan a gwada kwanson da ta fitar da waɗanda aka tsinta a wuraren da aka yi harbi a baya. Bindigar da aka danganta da wani kisa tana ɗaga nauyin shari'a ko da ba a tuhumi mai riƙe da ita da kisan ba.

A mota mai mutum huɗu kuma, samun bindiga ƙarƙashin kujera bai isa a ce ta kowa ce ba. Sai an nuna wa ya san tana nan kuma wa ke da iko da ita. Zanen yatsa ba ya yawan fitowa a jikin bindiga yadda mutane ke zato, don haka rashinsa ba ya wanke kowa, samunsa kuma hujja ce mai nauyi.

Kabiru:
Saura jabun kuɗin. Ni abin da ke ɗaure mini kai: wanda aka ba canji da takardar jabu bai sani ba, ya je ya kashe ta, shi ma mai laifi ne?

Barista Nasiru:
Idan bai sani ba, babu laifi. Sani shi ne ginshiƙin wannan tuhuma. Amma akwai mataki na tsakiya: ya karɓa da zuciya ɗaya, daga baya ya gane jabu ce, sai ya ce ba zan yi asara ba, ya miƙa wa wani. Wannan laifi ne, sai dai ƙarami. Dokar Faransa ta ware shi daban ta sa masa tarar Yuro 7,500, alhali mai buga kuɗin yana fuskantar shekara 30, mai safara da yaɗawa shekara 10. Ka ga tsani ne mai hawa uku: mai bugawa, mai rarrabawa, mai kashewa.

Sauran ƙasashe: Ingila iyakar sama shekara 10 ce ga bugawa ko kashewa ko ajiyewa da niyyar a kashe, shekara 2 idan babu wannan niyya. Amurka shekara 20. A Najeriya dokar jabun kuɗi ta 1984 ta kai ɗaurin rai da rai ga mai bugawa, dokar Babban Banki ta 2007 kuma ta ce ba ƙasa da shekara 5 ba. Kada kuma wani ya zaci jabun kuɗin wata ƙasa ya fi sauƙi. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta wajabta wa ƙasashen da suka shiga su hukunta jabun kuɗin waje daidai da na gida.

Yadda ake tabbatar da sani kuwa daga yanayi ne. Takardu da yawa masu lamba iri ɗaya. Ware na jabu a aljihu ɗaya, na gaske a wani. Shiga shago bayan shago ana sayen ƙaramin abu da babbar takarda don a karɓi canji mai kyau. Saƙon waya da ke nuna ya saye su a kan kaso na darajar da ke rubuce a jikinsu. Wajen auna hukunci ana duba yawan takardun da jimlar darajarsu, ingancin bugun, ko an samu na'ura da takarda da tawada a hannunsa, da kuma su wa aka cuta. Wanda ke bin tsofaffi da ƙananan 'yan kasuwa da dare ya fi nauyin laifi, domin wanda takardar ta mutu a hannunsa babu bankin da zai mayar masa.

A kan direbanmu, idan damin a rufe yake cikin kayan da aka ba shi, da wuya a jera masa cikakken hukunci na uku. Yawanci za a yanke shi ya tafi tare da na hodar, a ɗan ɗaga jimlar don kada laifin ya tafi a banza. Idan kuma an nuna yana kashe su a hanya, to wannan harkarsa ce ta kansa, jerawa ta halatta.

Malam Habibu:
Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ban ji an taɓa ba: dukiyar da aka tara da harkar.

Barista Rabi:
Wannan shari'a ce ta daban da ke biyo bayan hukunci, kuma a wajen manyan ita ce mai zafi. A dokar Ingila ta 2002, idan laifin safarar ƙwaya ne, kotu tana ɗauka cewa duk abin da ya shigo hannun mutum cikin shekara 6 kafin a fara shari'ar daga laifi ya fito, sai ya kawo hujjar akasin haka. Najeriya ta yi tata dokar ƙwato dukiyar laifi a 2022. Inda ake faɗuwa shi ne jinkiri: idan ba a daskarar da asusu da kadara tun ranar kame ba, kafin a yanke hukunci gida ya koma sunan ƙani, mota ta koma sunan suruki. A ɗaya gefen kuma dole a saurari mai motar haya da bai san abin da aka ɗauka a cikinta ba kafin a ƙwace.

Kuma game da hana wasu sha'awar shiga harkar, rahoton da majalisar bincike ta ƙasa ta Amurka ta fitar a 2014 ya nuna ƙara tsawon ɗauri da ya riga ya yi tsawo ba ya ƙara tsoratarwa sosai. Tabbacin za a kama mutum ya fi tasiri.

Alhaji Tukur:
Na ji, Barista. To ga nawa ƙorafin a kan ɓangaren masu gabatar da ƙara, don kada a ce alƙalai kaɗai nake kallo. Ranar yanke hukunci alƙali yana tambaya ko akwai tarihin laifi, sai a tashi a ce babu wanda aka sani. Ba wai an bincika ba ne, babu inda za a bincika. Mutum an ɗaure shi a wata jiha da wani suna, ya fito, an sake kama shi da sabon suna, ya roƙi sassauci a matsayin sabon shiga, kuma sashe na 416 ɗin da kika kawo ya rufe shi. Tsohon hukunci ba a tabbatar da shi da baki, sai da kwafin hukuncin mai hatimin kotu da shaidar da ta haɗa shi da wannan mutumin, wato zanen yatsa. Duk ƙasar da ba ta ɗaukar zanen yatsan kowane wanda aka yanke wa hukunci ta ajiye a rumbu ɗaya da kowace kotu za ta iya tambaya, to ragin laifin farko da ƙarin maimaita laifi duka a kan zato take yin su. Masu gabatar da ƙara su nemi a ɗage zaman na mako ɗaya ko biyu su kawo takardar, doka ba ta ce sai an yanke hukunci a ranar da aka samu mutum da laifi ba.